Fadar Fafaroma da Timor ta Gabas: Zumuncin da aka ƙulla a lokacin wuya

Tun kafin gari ya waye ranar Talata, 10 ga Satumba, 2024, hanyar da ta fita daga birnin Dili ta nufi yamma ta cika maƙil da jama'a. Wasu a ƙafa, wasu a bayan manyan motoci, wasu kuwa tun jajibiri suka sauko daga garuruwan kan duwatsu suka kwana a waje. Kowa Tasi Tolu ya nufa, wani makeken fili mai ƙura da ke bakin teku. Da rana ta take, sai filin ya rufe ruf da laimomi masu launin rawaya da fari, launin tutar fadar Fafaroma.

Hukumomi sun ƙiyasta cewa mutum wajen 600,000 ne suka hallara domin addu'ar da Fafaroma Francis ya jagoranta a yammacin ranar. Gaba ɗaya al'ummar ƙasar ba su wuce miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da 'yan kai ba. Ke nan kusan rabin ƙasa ne ya taru a fili ɗaya domin dattijo mai shekara 87 da ake turawa a keken marasa lafiya.

Wannan ƙasa ita ce Timor ta Gabas, wadda mutanenta ke kira Timor-Leste. Rabin tsibiri ce kawai, a arewa da Ostireliya, ɗaya rabin kuma na Indonesiya ne. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 15,000 ba, wato ko jihar Kano ba ta kai ba.

A 'yan shekarun nan an ga fadar Vatikan tana ƙara karkata ga irin waɗannan ƙananan ƙasashe da ruwa ya kewaye. Ta ƙulla yarjejeniya da Cape Verde a 2013, da São Tomé da Príncipe a 2022. Francis ya je Mauritius a 2019, ya je Malta a 2022, alhali har ya rasu bai kai ziyara ƙasarsa ta haihuwa, Ajantina ba. Amma a cikinsu duka babu wadda labarinta da Vatikan ya kai na Timor nauyi, domin nata da jini aka rubuta shi.

Fadar da ba ta da runduna

Birnin Vatikan hekta 44 ne kacal a tsakiyar Roma, kuma yarjejeniyar Lateran ta 1929 da aka yi da gwamnatin Italiya ce ta mayar da shi ƙasa mai cin gashin kanta. Sai dai ba da wannan ɗan fili ƙasashe ke ƙulla hulɗar jakadanci ba. Da kujerar Fafaroma suke ƙullawa, a matsayinsa na shugaban ɗarikar Katolika ta duniya, kuma kujerar ta daɗe tana aika jakadu tun ɗaruruwan shekaru kafin a shata iyakar birnin.

A yau tana da hulɗa da ƙasashe fiye da 180, cikinsu har da ƙasashen Musulmi da yawa. Tana da kujerar 'yar kallo ta dindindin a Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1964, tana kuma da makarantar horar da jakadu a Roma da aka kafa a 1701. Mai karatu a Najeriya ya san da ofishin jakadanta a Abuja, dattawa kuma ba su manta da zuwan Fafaroma John Paul na Biyu Kaduna a 1982 ba.

Jakadan Fafaroma aiki biyu yake riƙe da su. Yana wakiltar fadar a gaban gwamnati, yana kuma zama idonta a kan cocin ƙasar, shi ne ke tattara bayani a kan wanda ya dace a naɗa bishop. Ba shi da bashi da zai bayar, ba shi da makami da zai sayar. Ƙarfinsa yana cikin wanda ya naɗa, da inda ya shata iyakar dayosis, wato yankin da bishop ke kula da shi, da abin da ya yarda ya kira da sunansa. A Timor, waɗannan abubuwa da ake gani kamar ƙanana su ne suka zama manya.

Daga Fotugal zuwa hannun Suharto

Turawan Fotugal sun iso tsibirin ne a farkon ƙarni na 16, suna neman itacen sandal mai ƙamshi, 'yan mishan na ƙungiyar Dominikan kuma suka biyo sawunsu. Abin mamaki, duk da shekaru sama da 400 na mulkin mallaka, addinin bai ratsa karkara sosai ba. Lokacin da Fotugal ta tattara nata ya nata a 1975, mabiya Katolika ba su kai kashi ɗaya cikin uku na jama'a ba. Akasari suna kan addinin gargajiya, suna girmama kakanni da ɗakunan tsafi na zuri'a.

Jam'iyyar Fretilin ta ayyana 'yancin kai ranar 28 ga Nuwamba, 1975. Kwana tara bayan haka, ranar 7 ga Disamba, sojojin Indonesiya suka afka wa Dili ta sama da ta ruwa. Ana gobe za a kai harin, shugaban Amurka Gerald Ford da sakataren harkokin wajensa Henry Kissinger suna Jakarta tare da shugaban Indonesiya, Janar Suharto. A watan Yulin 1976 Indonesiya ta ce Timor ta zama lardinta na 27. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta taɓa amincewa ba, amma manyan ƙasashe sun kau da kai.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi. Hukumar gaskiya da sasantawa da aka kafa bayan 'yanci, a rahoton da ta miƙa a 2005, ta ce aƙalla mutum 100,000 ne suka mutu sanadiyyar mamayar, kuma adadin na iya kusantar 180,000. Yawancinsu ba harsashi ne ya kashe su ba, yunwa ce da cuta a sansanonin da aka tusa su.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin da sauƙi a ɗauka cewa yaƙin Musulmi da Kirista ne, tunda Indonesiya ce ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya. Ba haka ba ne. Gwamnatin Suharto ta soja ce, tsoron kwaminisanci da kwaɗayin ƙasa suka ja ta. Ɗaya daga cikin manyan hafsoshin da suka tsara mamayar, Janar Benny Murdani, shi kansa ɗan Katolika ne. A ɗaya ɓangaren kuma, cikin waɗanda suka kafa Fretilin akwai Musulmi, Mari Alkatiri, wanda kakanninsa suka fito daga Hadramaut ta ƙasar Yaman.

Yadda coci ta zama mafaka

Dalilai uku ne suka haɗu suka cika majami'u. Dokar Indonesiya ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa ya bi ɗaya daga cikin addinan da gwamnati ta amince da su, addinin gargajiya kuwa ba ya ciki. Wanda ba shi da addini a takarda ana iya yi masa kallon ɗan kwaminis, wannan kuma a zamanin Suharto hukuncin kisa ne. Mutane suka zaɓi addinin da suka sani.

Na biyu, harshe. Da aka hana amfani da Fotugis, hukumomi sun so a koma yin addu'a da harshen Indonesiya. Limaman cocin Timor suka fassara littattafan ibada zuwa Tetum, harshen kasuwa da gida, Vatikan kuma ta amince da shi a 1981. Daga nan coci ta zama wuri guda da mutumin Timor zai tsaya a bainar jama'a ya yi magana da harshensa.

Na uku shi ne mafi girma. Lokacin da aka rufe tsibirin, ba ɗan jarida ba baƙo, limamai da mata masu zaman zuhudu ne suka zauna da jama'a. Su suka ɓoye waɗanda ake nema, suka riƙi marayu, suka rubuta sunayen waɗanda suka ɓace suka fitar da su waje a asirce. Kafin shekarun 1990 su ƙare, mabiya Katolika sun haura kashi 90 cikin ɗari. A yau sun kai wajen kashi 97, abin da ya sa in aka cire Vatikan kanta, da wuya a sami ƙasar da ta kai Timor.

Gaba kura, baya sayaki

Ita kuwa Roma tana cikin tsaka mai wuya. Tana da miliyoyin mabiya a Indonesiya, musamman a tsibirin Flores, da makarantu da asibitoci da 'yan mishan da ke buƙatar takardar izinin zama. Tana cikin na farko-farko a Turai da suka yi hulɗa da Indonesiya tun tana fafutukar ƙwatar 'yanci daga Holan. Ɓata wa Suharto rai yana da tsada.

Mafitar da ta samu ba ta da amo, amma ta yi aiki. Jakarta ta so a haɗa dayosis ɗin Dili da majalisar bishop-bishop ta Indonesiya, wanda da an yi, da ya zama tamkar hatimin amincewa da mamayar. Vatikan ta ƙi. Ta bar Dili a ƙarƙashin Fafaroma kai tsaye, tana naɗa mata mai riƙo wanda ke kai rahoto Roma. Shekara 24 aka yi a haka. A taswirar soja Timor lardin Indonesiya ce, a taswirar coci kuwa ba ta taɓa zama ba.

Amma kada a yi wa tarihin kwalliya. Mai riƙon farko ɗan ƙasa, Martinho da Costa Lopes, ya fito fili ya la'anci kashe-kashen da sojoji ke yi. A 1983 aka sauke shi, bayan matsin lambar Jakarta, ya tafi Lisbon inda ya rasu a 1991. Mutanen Timor da yawa sun ɗauki wannan a matsayin cin amana, kuma a ganina suna da hujja. An sadaukar da mai faɗin gaskiya domin a zauna lafiya da mai bindiga.

Wanda aka kawo a madadinsa matashi ne ɗan shekara 35, Carlos Filipe Ximenes Belo, wanda ya yi karatu a Turai, ana kuma zaton zai yi laushi. Limaman Dili da dama ba su yi maraba da shi ba. Sai ga shi cikin 'yan watanni ya ɗora daga inda magabacinsa ya tsaya. A watan Fabrairun 1989 ya rubuta wa babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Javier Pérez de Cuéllar, yana neman a yi ƙuri'ar raba gardama, yana gargaɗin cewa al'ummarsa na mutuwa a matsayinta na al'umma.

Ƙasar da ba a sumbata ba

Ranar 12 ga Oktoba, 1989, John Paul na Biyu ya sauka a Dili, a cikin rangadinsa na Indonesiya. An san shi da al'adar durƙusawa ya sumbaci ƙasa duk lokacin da ya taka wata ƙasa a karon farko. Idan ya sumbata a Dili, ya nuna Timor ƙasa ce daban. Idan bai yi ba, ya nuna ya yarda lardi ce. Bai sumbaci ƙasa a filin jirgi ba. A wurin addu'a ne ya durƙusa ya sumbaci gicciye da aka shimfiɗa masa. Kowane ɓangare ya fassara abin yadda ya ga dama, har gobe kuma ana muhawara a kai.

Abin da ba a muhawara a kansa shi ne abin da ya faru da aka idar. Wasu samari suka kutsa gaba suka buɗe ƙyallayen neman 'yanci a gaban kyamarorin 'yan jaridar duniya da suka biyo Fafaroma. Jami'an tsaro suka far musu, amma hoto ya riga ya fita. Shi ne kaɗai shugaban duniya da ya taka ƙasar a duk tsawon mamayar, kuma zuwan nasa ne ya buɗe ƙofar da aka daɗe da garƙamewa.

Shekara biyu bayan haka, ranar 12 ga Nuwamba, 1991, jerin gwano ya tashi daga cocin Motael zuwa maƙabartar Santa Cruz domin tunawa da wani matashi, Sebastião Gomes, da aka kashe. Sojoji suka buɗe wuta, mutum fiye da 250 suka mutu. Ɗan jaridar Birtaniya Max Stahl ya ɗauki abin a faifai, aka fitar da shi a ɓoye. A 1996 aka ba Bishop Belo da José Ramos-Horta kyautar zaman lafiya ta Nobel.

Bayan faɗuwar Suharto, magajinsa B. J. Habibie ya yarda a yi ƙuri'a. Ranar 30 ga Agusta, 1999, fiye da kashi 78 cikin ɗari suka zaɓi 'yanci. 'Yan banga da sojoji ke mara wa baya suka huce a kan jama'a. A Suai sun afka cikin coci suka kashe mutane da yawa da suka fake a ciki, har da limamai uku. Gidan bishop a Dili ma ƙone shi aka yi. Sai da dakarun ƙasa da ƙasa ƙarƙashin jagorancin Ostireliya suka sauka kafin ƙura ta lafa.

Daga mafaka zuwa takarda

Ranar 20 ga Mayu, 2002, Timor ta Gabas ta zama ƙasa, kuma a wannan rana ce ta ƙulla hulɗar jakadanci da fadar Fafaroma. Kundin tsarin mulkinta bai ɗauki wani addini a matsayin na gwamnati ba, ya tabbatar da 'yancin addini ga kowa. Amma a sashe na 11 ya ambaci cocin Katolika da suna, ya ce ƙasa ta yaba da rawar da ta taka wajen ƙwatar 'yanci.

Firaministan farko na wannan ƙasa mai rinjayen Katolika shi ne Mari Alkatiri, Musulmin nan da aka ambata. Zamansa da bishop-bishop bai yi daɗi ba. A 2005 gwamnatinsa ta so ta mayar da darasin addini na ganin dama a makarantun gwamnati. Coci ta fito da dubban mutane suka mamaye titunan Dili kusan mako uku, har sai da gwamnati ta sassauto aka yi sulhu. Daga ranar kowane ɗan siyasa a ƙasar ya san iyakarsa.

Wannan ja-in-ja na cikin abubuwan da suka nuna ana buƙatar rubutacciyar ƙa'ida. An ɗauki shekaru ana tattaunawa. Ranar 14 ga Agusta, 2015, lokacin bikin cika shekara 500 da isowar addinin tsibirin, sakataren harkokin Vatikan, Kadinal Pietro Parolin, da Firaminista Rui Maria de Araújo suka sa hannu a yarjejeniya a Dili. Ta ba coci matsayi a gaban doka, ta amince da auren coci, ta tsara batun makarantun mishan da koyar da addini, da aikin limamai a barikin soja, gidajen yari da asibitoci. A ƙarƙashinta gwamnati na ba coci tallafin kuɗi kowace shekara, wanda a wasu shekarun ya kai wajen dala miliyan 15.

Sauran matakan sun biyo a hankali. Da farko jakadan da ke Jakarta ne ke kula da Timor, daga 2013 aka mayar da aikin hannun wanda ke Kuala Lumpur, a 2022 kuma aka buɗe sabon ginin ofishin jakadanci a Dili. An ɗaga darajar Dili zuwa babbar dayosis a 2019, tare da Baucau da Maliana a ƙarƙashinta. A watan Agustan 2022 Virgílio do Carmo da Silva ya zama kadinal na farko daga ƙasar, kuma yana cikin waɗanda suka zaɓi Fafaroma Leo na 14 a watan Mayun 2025.

Me kowa ke samu?

Ga Timor amsar a fili take. Ƙasa ce da fiye da kashi 40 cikin ɗari na mutanenta ke cikin talauci, kusan rabin ƙananan yaranta kuma ba sa girma yadda ya kamata saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Kasafinta ya dogara ne kacokan da asusun man fetur, rijiyoyin Bayu-Undan da suka cika shi kuwa sun ƙafe, aikin Greater Sunrise da ake sa rai kuma an daɗe ana jan ƙafa a kansa. A irin wannan hali makarantu da ɗakunan shan magani na mishan ba ƙaramin sauƙi suke kawo wa gwamnati ba, musamman a ƙauyukan da mota ba ta isa sai da ƙyar.

Sannan ƙaramar ƙasa tana buƙatar wanda zai ambaci sunanta a manyan zauruka. Ba ta da kuɗin buɗe ofishin jakadanci a ko'ina, amma tana da aboki da ke da wakili kusan a kowane babban birni.

Ita ma Vatikan ba hannu rabbana take komawa ba. Yayin da majami'un Turai ke zama kango, makarantun horar da limamai a Timor cike suke da matasa. A nahiyar Asiya, inda Katolika tsiraru ne in ban da Filifin, ga ƙasa da ke tutiya da su, kuma tun watan Oktoban 2025 ta zama ta 11 a ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, ASEAN.

Akwai kuma abin da ya shafi Musulmi kai tsaye. A watan Fabrairun 2019 Francis da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu a Abu Dhabi a kan takardar 'yan'uwantakar ɗan Adam. A watan Mayun 2022 majalisar dokokin Timor ta karɓe ta a matsayin takardar ƙasa, ita ce ta farko a duniya da ta yi haka. Ƙasar da ta sha azaba a hannun sojojin maƙwabciyarta mai rinjayen Musulmi ba ta mayar da ciwonta ƙiyayyar addini ba. Masallacin An-Nur yana nan a Dili ana salla a cikinsa, ta kuma zaɓi sasantawa da Jakarta. Wannan abin yabo ne, ko da yake iyalan waɗanda aka kashe suna kokawa cewa sasantawar ta bar manyan masu laifi ba a hukunta su ba.

Dala miliyan 12

Ziyarar 2024 ba ta wuce ba tare da ƙorafi ba. Gwamnati ta ware kimanin dala miliyan 12 domin kwana uku, daga ciki har da wajen miliyan ɗaya na gina dandamalin addu'a. Ƙungiyoyin farar hula sun ce wannan almubazzaranci ne a ƙasar da yara ke kwana da yunwa, kuma bai dace da Fafaroman da ya yi suna wajen kare talakawa ba.

An kuma rushe gidajen iyalai da dama a kewayen Tasi Tolu, aka kori masu talla daga bakin titi. Gwamnati ta ce filin nata ne, mutanen sun zauna ba bisa ƙa'ida ba, kuma an ba su sanarwa. Masu goyon bayanta sun ƙara da cewa wani ɓangare na kuɗin ya tafi ne a hanyoyi da gyare-gyaren da za su daɗe ana mora, kuma al'ummar da ta sha irin wannan wuya ta cancanci ranar farin ciki. Duk da haka, wanda aka rushe wa ɗaki domin a tarbi baƙon da ya zo wa'azin tausayin talaka, da wuya wannan bayani ya gamsar da shi.

Maganar da ba a son tayarwa

Mafi nauyin abin da ke tsakanin ƙasashen biyu shi ne wanda aka fi yin shiru a kai. A watan Nuwamban 2002, wata shida kacal bayan samun 'yanci, Bishop Belo ya ajiye aiki yana da shekara 54, aka ce saboda rashin lafiya. Daga baya ya tafi Mozambik aikin mishan. Shekara 20 aka yi ba wani ƙarin bayani.

A watan Satumban 2022 wata mujallar ƙasar Holan, De Groene Amsterdammer, ta buga shaidar wasu maza da suka zarge shi da yin lalata da su lokacin suna yara. Washegari Vatikan ta tabbatar da cewa tun 2020 ta ƙaƙaba masa takunkumi a asirce: an taƙaita zirga-zirgarsa da aikinsa, an hana shi hulɗa da ƙananan yara da kuma Timor. Ba a taɓa gurfanar da shi a gaban kotu ba.

Kafin wannan akwai batun Richard Daschbach, ɗan mishan Ba'amurke da ya yi shekaru yana riƙe da gidan marayu a yankin Oecusse, wanda kuma aka san shi da ceton rayuka a 1999. Vatikan ta tuɓe masa rigar limanci a 2018, kotun Timor kuma ta ɗaure shi shekara 12 a watan Disamban 2021 saboda lalata da 'yan mata ƙanana da ke hannunsa. Ana cikin shari'ar jama'a da dama suka tsaya masa, aka riƙa tsangwamar waɗanda suka kai ƙara. Xanana Gusmão, gwarzon yaƙin 'yanci wanda ke riƙe da kujerar firaminista a yanzu, har ziyarar taya murnar ranar haihuwa ya kai masa a farkon 2021.

Mutanen Timor da yawa sun fi son a bar kaza cikin gashinta. Hujjarsu ita ce waɗannan mutane sun tsaya musu ranar da duniya ta juya baya. Shugaban ƙasar, Ramos-Horta, ma, gabanin ziyarar, ya nuna cewa batun Belo na Vatikan ne, ta riga ta ɗauki mataki, ba kuma lokacin tono shi ba ne. Ƙungiyoyin da ke kare waɗanda aka ci zarafinsu sun roƙi Fafaroma ya ambaci sunan bishop ɗin ya kuma nemi gafara. A jawabinsa ga shugabannin ƙasar ya yi kira da a yi duk abin da za a iya domin kare yara daga kowane irin cin zarafi, amma bai kama suna ba.

Ana iya fahimtar wannan kawaici. Al'ummar da ta rasa mutum ɗaya cikin kowane shida ko bakwai ba ta da gwaraza da yawa da za ta yarda a taɓa. Amma fahimta daban, amincewa daban. Yaran da aka cutar su ma 'yan Timor ne, yawancinsu marayun wannan yaƙi ne, talaucinsu da maraicinsu ne suka kai su hannun waɗanda suka cuce su. Bashin da ƙasa ke jin coci na bin ta, ba yaran nan ne za su biya shi da shirunsu ba.

Vatikan ta san darajar ƙin amincewa da ƙarya, domin ta yi shekara 24 tana ƙin sa hannu a kan cewa Timor lardin Indonesiya ce, kuma wannan tsayuwa ce ta saya mata matsayin da take da shi a ƙasar. Yanzu tana da yarjejeniya, da ofishin jakadanci, da kadinal, da kunnen kowane mai mulki a Dili. Babu wata hukuma a ƙasar da za a saurara kamar ita idan ta ce a fito a faɗi gaskiya. Ya rage gare ta ta bayyana abin da ta sani game da Belo da lokacin da ta san shi, ta buɗe ƙofa ga waɗanda aka cutar su yi magana ba tare da tsoro ba, ita kuma gwamnatin Dili ta bar kotunanta su yi aikinsu a kan kowa, komai girman sunansa a tarihin 'yanci.